Kowa Ya Cika Aikinsa, Amma Ina Kuɗin?

Na taɓa zama ɗan kallo a taron ƙarshen shekara na wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano. Wani abokina ne ya ja ni, shi ma shawara aka kira shi ya bayar. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don masu shi na nan da ransu, kuma muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure.

Shugabannin sassa huɗu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen shanshera ya ce ya sayo fiye da abin da aka ɗora masa, kuma a ƙasa da farashin kasuwa. Injiniya ya ce inji bai kwana a tsaye ba, buhunan bana sun fi na bara. Mai kula da ciniki ya ce babu buhun da ya yi mako a sito. Akanta ya ce ya toshe ƙofofin kashe kuɗi da dama. Kowa ya gama aka tafa masa. Alhaji mai kamfani yana kan kujerarsa yana jan carbi, bai ce uffan ba sai da suka ƙare. Sannan ya cire tabarau ya ce, "To madalla. Duk kun ci jarrabawa, ni kaɗai na faɗi. Ina kuɗin?"

Ɗaki ya yi tsit.

Abin da aka saba a irin wannan wuri shi ne a fara neman ɓera. Wannan ya ce akwai mai zagon ƙasa, wancan ya ce hassada ce tsakanin manajoji. Ba na musun cewa ana samun ɓeraye a sito, ana samu ƙwarai. Amma a wannan kamfani an bi littattafai an duba, babu wanda ya ɗauki ko sisi. Mutum huɗun nan gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar tasu ce ta cinye jarin.

Mai saye, da yawan tan da arha ake auna shi. Da kaka ta yi ya shiga Kura da Bunkure da Garun Malam, duk shansherar da aka sassauta wa farashi sai ya ɗora a mota. Wadda ake sassautawa kuwa ita ce wadda ba ta gama bushewa ba. Masana harkar sun daɗe da tsayar da cewa shansherar da za a ajiye ko a casa, danshinta ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100. Abin da ya haura haka ruwa ne, ruwa kuma yana da nauyi a kan sikeli. Wato kamfani yana sayen ruwa da kuɗin shinkafa. Ta shiga sito ta ɗau zafi, launinta ya sauya, wata ma ta yi fumfuna. Shi kuma injiniya buhu ake ƙirga masa, ba a tambayarsa nawa ce lafiyayya, nawa ce karyayya. Ya tsayar da aiki yini guda don a gyara injin cire tsakuwa, a lissafinsa asara ce, don haka bai tsayar ba.

Kaya suka isa Kasuwar Singa. Dillalai suka farke bakin buhu suka zuba a tafin hannu, suka ce ba za su biya kuɗi hannu ba, sai dai a bar musu su sayar su kawo. Mai ciniki an ce masa kada kaya su kwana a sito, sai ya bar musu. A takardarsa an sayar, a asusun banki babu komai. Akanta da ya ga kuɗi ba sa shigowa ya yi abin da aka ɗauke shi ya yi: ya riƙe kuɗin dizal, ya jinkirta sayen kayan gyara, ya fara ja wa manoma rai wajen biya. Manomi mai kyakkyawar shinkafa ba ya jiran wanda zai ce masa ya dawo jibi, mai biya nan take zai kai wa. Me ya rage wa mai sayen namu a kasuwa? Jiƙaƙƙiyar. Aka koma gidan jiya.

Wannan shi ne ciwon da masana gudanar da ma'aikatu ke nufi idan suna zancen daidaita abin da kowane sashe ya sa a gaba da manufar ma'aikata baki ɗaya. Magana ce mai kama da ta 'yan boko masu taro a otal, amma tushenta a fili yake. Ma'aikaci ba abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa yake bi ba. Abin da za a tambaye shi ranar Litinin da safe, shi yake bi.

Allon ma akwai shi a wannan kamfani, mai kyau, da Turanci, an ce burinsu su zama kan gaba a Afirka wajen inganci da gamsar da abokan ciniki. Ban ga laifinsa ba, sai dai ba ya raba gardama. Ranar da mota ta tsaya a bakin sikeli da kaya masu danshi, mai saye na cewa a sauke, mai sito na cewa a mayar, allon nan ba zai ce komai ba. A wajena nan ake gwada manufa. In ba za ta iya yanke hukunci tsakanin manajoji biyu masu gaskiya ba, to ado ce. Da cewa aka yi, "Muna yin shinkafar da uwargida za ta dafa ba ta tsinci tsakuwa ba, gobe ta aiko yaro ya ce a ba shi irin ta jiya," da mai gadi ma ya san hukuncin motar.

Mu Kanawa ba baƙi ba ne a wajen haɗa mutane da yawa a kan tafiya ɗaya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro tafiyar watanni suke yi, ayari guda ya ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna. Kowane falke da hajarsa da ribarsa, ba ma dukiyar mutum ɗaya ba ce. Amma madugu ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, jagaba kuma ya shiga gaba ya duba hanya. Babu falken da zai ce jakunansa sun fi sauri, bari ya wuce ya riga kowa isa kasuwa. Wanda ya yi haka 'yan fashi ya kai wa kansa. Saurin ayari shi ne saurin jakin da ya fi kowanne nawa. A shekarun 1980 wani masani ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya gina nazari sukutum a kan irin wannan tunani: abin da masana'anta za ta fitar ba zai wuce abin da wurin da ya fi ƙunci zai iya wucewa da shi ba, duk saurin da aka yi a wani wurin tara kaya ne kawai. Madugu bai karanta wannan ba, daji ne ya koya masa. Kuma bai buƙaci allo ba, don kowa a ayarin yana ganin manufar da idonsa.

A Kantin Kwari ko Sabon Gari kuwa, manufa a cikin kan maigida take. Yana zaune a shago daga hantsi zuwa bayan la'asar, yana ganin wanda yaro ya ba bashi, da wanda ya yi wa ragi, da wanda ya ɗaure wa fuska. Da harara ma yana gyara. Yaro ya shekara goma yana kallo, har ya san abin da maigida zai ce kafin ya buɗe baki. Wannan tsari ya yi attajirai, ba abin rainawa ba ne. Iyakarsa dai idon maigida. Da zarar an koma Sharada ko Challawa ko Bompai, ma'aikata ɗari biyu, wasu na dare wasu na rana, wasu a ƙauye suna saye, ido ba ya kaiwa. Sai maigida ya ɗauko adadi ya ajiye a madadin idonsa. Kai ka kawo tan kaza, kai buhu kaza, kai ciniki kaza.

Adadi kuwa yana da nasa ciwon. A 1902, ɓeraye sun addabi birnin Hanoi lokacin da Faransa ke mulkin Biyetnam, sai hukuma ta sa lada ga duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna harkarsu a gari, har aka gano masu kiwon ɓera a bayan gari. Hukuma mutuwar ɓera take so, amma wutsiya take saye, aka sayar mata da wutsiya. Masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya lura da irin wannan a harkar kuɗi a 1975, har yau kuma da sunansa ake kiran ƙa'idar: ma'aunin da aka mayar abin farauta ya daina faɗar gaskiya.

Kada a ce wannan sha'anin zamanin da ne. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatan rassansa burin kowane gida da ke hulɗa da bankin ya riƙe hajojinsa takwas, asusu da kati da sauransu. Da matsi ya yi yawa, ma'aikata suka koma buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A watan Satumban 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300, asusun da ake zargi kuma wajen miliyan biyu, daga baya adadin ya kai miliyan uku da rabi. Shugaban bankin ya sauka a watan Oktoba, a 2020 kuma suka amince su biya dala biliyan uku. Mutum dubu biyar ba sa wayar gari su zama mugaye a rana ɗaya. An faɗa musu abin da ake so da harshen da suka fi ji, harshen kora da ƙarin girma. Duk wanda yake da ƙanwa ko ɗa a sashen neman ajiya na bankunanmu ya san wannan harshe. Haka makarantar kuɗin da manufarta ilimi, amma abin da ake tambayar shugabanta shi ne ɗalibai nawa suka ci WAEC da NECO. Kowa ya san abin da ke faruwa a wasu ɗakunan jarrabawar, ba sai na faɗa ba.

Masana sun daɗe suna neman magani. Peter Drucker ya kawo tsarin gudanarwa ta hanyar buri a 1954, kuma abin da aka fi mantawa a maganarsa shi ne cewa da manaja za a zauna a tsara burin, ba jefo masa za a yi daga sama ba. Andy Grove ya gyara tsarin a kamfanin Intel a shekarun 1970, John Doerr ya kai shi Google a 1999, shi ne ake kira OKR yanzu: buri kaɗan, kowanne da 'yan ma'aunai, a duba duk wata uku, kuma kowa yana iya ganin na kowa, har na shugaba. Abin da na fi ɗauka daga Grove shi ne shawarar cewa duk ma'aunin da ka kafa, ka haɗa shi da wani da zai ja masa linzami. In ka ƙirga wa mai saye tan, ka ƙirga masa lafiyayyar shinkafar da ta fito daga tan ɗin. In ka ƙirga wa mai ciniki buhun da ya fita, ka ƙirga masa kuɗin da ya dawo.

Kamfanonin Japan, irin su Toyota, suna da nasu salon. Shugabanni su jefa buri ƙasa, na ƙasa su duba su jefo shi sama da gyara, a yi ta yi kamar wasan ƙwallo har a tsaya a kan abin da zai yiwu. A Toyota ma akwai igiyar da ma'aikacin layi zai ja in ya ga matsala, layin ya tsaya in ba a warware ta nan take ba.

A nan ne nake ganin namu ke cijewa, kuma ba takarda ce ke gyara shi ba. Na ga an kira bita a otal, an raba jakunkuna, an cika fom-fom, bayan wata biyu an koma yadda ake. Duk tsare-tsaren nan sun dogara ne a kan abu guda: na ƙasa ya iya kallon na sama ya ce ba zai yiwu ba. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu da kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma sakamakonta a ofis shi ne "To, ranka ya daɗe." Wannan "to" ɗin ba yarda ba ce, wani lokacin ma ba fahimta ba ce, ladabi ne kawai. Alhaji ya ce a ninka ciniki kafin azumi, manaja ya ce "An gama, yallaɓai," ya fito yana lissafin dillalan da zai loda wa kaya bashi. Shugaban da ya san mutanensa ba zai tambayi "Za ka iya?" ba, don amsar a shirye take. Sai ya ce, "In za ka yi wannan, me za ka ajiye?" ko "Wa zai sha wahala a cikin abokan aikinka in ka cika wannan adadi?" Ya kuma fara jin ƙananan kafin manya su yi magana, wani zubin ma a keɓe, don abin da leburan inji zai faɗa a gindin bishiya ba zai faɗe shi a ɗaki mai sanyi ba.

Sai kuma a faɗi mai ɗaci. Sau da yawa mai rusa jerin abubuwan da aka sa a gaba shi ne maigidan da kansa. An zauna an ce bana babu bashi, sai ya bugo waya daga Dubai ya ce a ba wa wane tirela biyu, ɗan'uwan Hajiya ne. An ce inganci ne farko, sai ƙarshen shekara ta zo, kujerar Makka da sabon babur suka tafi wajen wanda ya fi fitar da buhu. Ma'aikata ba sa sauraron jawabi kamar yadda suke kallon wanda aka ba kujerar Makka. Daga ranar sun san ainihin manufar kamfani, ko me allo ya ce.

Akwai misalin da ya faru a gabanmu wanda ya nuna abin yana gyaruwa, ko da ɓangarorin sun fi na kamfani yawa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, aka dawo da shi a 2004. Shekarun da suka biyo baya an yi ta zagaye gida-gida. Gwamnati na ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya na ciki, UNICEF na ciki, Rotary na ciki, kowa da motocinsa da rahotonsa da wanda yake kai wa rahoton. Masu ɗiga maganin kuma da alli a bango da tawada a yatsa ake auna su. An sha samun yaro da tawada a yatsa bai sha magani ba. Takardu suna cewa an kai ko'ina, cutar kuma tana ci gaba da kama yara. A 2012 aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa ta ƙasa a Abuja, ta Kano ta biyo baya. Aka tara ɓangarorin nan a ɗaki ɗaya, suna duba bayanai iri ɗaya, tambayar kuma ta tashi daga "yara nawa aka yi wa" ta koma "yara nawa aka tsallake, a wace unguwa, don me." Aka sa wasu daban su bi baya su tantance. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shigo sosai. Iyaye da ke cewa zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe musu yara amma ɗigon shan inna kaɗai ake kawo musu, aka saurare su, aka riƙa kafa wuraren duba marasa lafiya a lokacin zagaye. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, a watan Yulin 2014. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita. Ba maganin da ake ɗigawa kaɗai ne ya kawo wannan nasara ba. Tambayar da ake yi wa mutane ce ta sauya, da kuma wanda ke zaune kusa da wa lokacin da ake yin ta.

Ba kuma ina nufin kowa ya zama ɗan amshin shata ba. Akanta da mai ciniki in ba sa gardama, to ɗayansu ba ya aikinsa. Mai binciken kuɗi da ya zama abokin cin tuwon wanda yake bincika ya tashi daga aiki. Abin nema shi ne gardamar ta kasance a kan hanya, ba a kan inda aka dosa ba, kuma a san wanda zai yanke ta da abin da zai yanke ta da shi. Ma'aikacin da ke bin albashin wata uku kuwa, tun bayan cire tallafin mai a 2023 da tsadar da ta biyo baya, yana da nasa abin da ya sa a gaba: kuɗin haya, kuɗin makaranta, kwanon masara. Kada a ɓata lokaci ana karanta masa manufa. A biya shi tukuna.

Kamfanin shinkafar nan ya sayi na'urar auna danshi, 'yar ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu. Aka daina ƙirga wa mai saye abin da ya shigo ƙofa, aka koma ƙirga abin da ya fito daga inji lafiyayye. Mai ciniki aka ce buhu bai sayu ba sai kuɗinsa ya shiga banki. Shugabannin huɗu suka fara zama tare kowace Litinin da takarda ɗaya a gabansu, maimakon kowa ya shiga wajen Alhaji shi kaɗai ya kai ƙarar sauran. Mai cinikin bai jure ba, kafin shekara ta zagayo ya ajiye aiki, har yanzu kuma ana bin wasu basukan da ya bari a Singa.

Abokina ya ba ni labarin wata rana da kakar da ta biyo baya. Tirela ta tsaya a bakin sikeli, yaron da ke riƙe da na'urar ya soka ya duba ya ce danshi ya yi yawa. Direba ya yi dariya ya ce ko ya san kayan wa ne, na ƙanin Alhaji ne. Yaro ya rasa ta cewa, ya kira mai sito, mai sito ya kira manaja, manaja ya zagaya bayan ofis ya kira Alhaji yana ta "ranka ya daɗe". Alhaji ya yi shiru a waya har manaja ya ɗauka layi ne ya yanke. Can ya ce, "Ku gaya masa ni na ce a kai ta a shanya kwana biyu a dawo da ita. In ya yi fushi, ya same ni a gida bayan isha'i."